Ɗinkin Zanen Gado da Kwamfutar Zulai

Ku 'yan yanzu kun saba ganin yadi ya shiga inji fari fat ya fito da furanni, sai ku ce ai aikin ba wuya. To ku gyara zama. Ni ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa, jikata Zulai ce ke riƙe da biro ina faɗa mata. Amma daga Dugabau har Kara, ku shiga ɗakin duk tsohuwar da aka kai ta gidan miji da mutunci, ku ce ta buɗe adaka ta nuna muku zanen gadon aurenta. In ba hannuna ba ne, to hannun wadda na koya wa ne. Ni ce Dije mai allura.

Aikin farko da aka ba ni ba ɗinki ba ne, warwara ce. Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifina, ita ta riƙe ni a Dugabau, kuma ita ce gwanar garin. Ta miƙo mini rigar matashin kai da ta gama ɗinkawa, mai adon furen kabewa, ta ce, "Warware mini shi. Kada ki yanke zare, kada ki tsinka. Ki naɗe mini zarena a kara yadda na saye shi." Na ɗauka tsohuwa ta zare. Na ce, "Gwaggo, abin da kika sha wuya a kansa?" Ta ce, "Wuyata ce ko taki?" Haka na yi damina guda ina warware aikin mutane. Sai daga baya na gane abin da take nufi. Mai kallon ado fure take gani. Mai warwara ita ke ganin hanyar da allura ta bi: inda ta shiga, inda ta juya, inda ta nutse ta ƙarƙashi ta ɓullo a wani ganyen ba tare da an yanke zare ba. Kowane ado yana da hanyarsa. In kin ɓata hanya yadi zai tattare, fure ya karkace kamar bakin mai kuka.

Kayan aikinmu ba su cika kwando ba. Ƙwarya ce ake yanke gindinta, a ɗame yadi a bakinta, a ɗaure da tsumma har sai kin ɗana yatsa kin ji yana amsawa kamar fatar kalangu. Allura muna soke ta a tsumma mai ɗan man gyaɗa don kada ta yi tsatsa. Bula ta wanki da ita muke ɗiga alama, sai reza, sai guntun fata a yatsa. Zare kuwa ba na saye sai na tauna bakinsa na goga a gefen mayafina. In ya bar launi, na mayar wa mai shi. Masu koli na kasuwar Gwarzo sun san ni, da sun hango ni sai ɗaya ya ce wa ɗan'uwansa, "Ɓoye jan nan, ga mai cin zare nan tafe."

Akwai wata dattijuwa daga ƙauyen Jama'a da ba na manta aikinta. Mutanenta makiyaya ne da suka zauna suka kama noma. Ta zo da yadin alawayyo da wata tsohuwar ƙwaryar nono mai sassaƙa a jiki, ta ajiye a gabana ta ce, "Wannan adon gidanmu ne. Mun bar yawo, 'yata ba za ta ɗauki ƙwarya a ka ba, to ki sa mata shi a gado." Wuƙa ta yi wannan ado, ba allura ba, kuma wuƙa tana ɗaga baki ta sauka inda ta ga dama. Sai da na nema wa allura hanyarta a cikinsa, ƙaho yana shiga ƙaho, zare ɗaya tun daga wannan kusurwa har waccan. Da ta zo karɓa ta juya bayan yadin ta duba, ta ce, "Yarinya, an yi miki miji?" Gidanta aka kai ni. Adon nan ni na sa masa suna ƙahon sa, kuma duk 'yar da ta fita daga zuriyar nan da shi ta fita.

Wata kuma matar malamin makaranta ce, mutanen kudancin Kaduna, suna zaune a Gwarzo. Mayafin tebur take so na cocinsu, da reshen inabi a gefe. Ni ban taɓa ganin inabi ba. Ta yi ta kwatance da hannu, "Ƙanana ne, baƙi-baƙi, a cure." Na ce na gane. Da ta zo ta buɗe aiki, dariya ta kama ta har ta zauna a ƙasa, ta ce, "Dije, ɗinya kika yi mana!" Amma ta karɓa, kuma an ce har yau yana kan teburin. 'Yarta Rifkatu tana goye a lokacin. Ku riƙe sunan, ita ce Malama Rifkatu da za ku ji a gaba.

Shekarar da ruwa ya ɗauke dawa tana fitar da kai, a nan na san sana'ar ado sana'ar ƙoshi ce. Aka ɗaga bukukuwa. Waɗanda suka daure suka yi, sai ga zanen gado na kamfani ya cika kasuwa, furensa bugawa aka yi kamar atamfa, ga araha. Iyayen amare da ke yi mini sallama tun daga zaure suka koma sunkuyar da kai in mun haɗu a rijiya. Ni da ke ɗinka wa amare, na koma ɗinke yagaggun buhunan hatsi da basilla. Da aiki ɗaya ya samu, babu abin sayen zare, sai na ɗauko zanen gadon aurena na warware shi tas, na yi wa 'yar mutane aiki da zarensa. Ko tsinkewa bai yi ba. Bayan an samu damina wasu suka dawo, don na kamfani wanki kaɗan yake koɗewa. Wasu ba su dawo ba har yau.

Yanzu ga maganar kwamfuta. Zulai tela ce, tana da shagonta a Gwarzo, da kekenta da masu kawo mata aiki. Ita ta zo ta ce, "Tsohuwa, shirya, zan kai ki ki ga wadda za ta karɓe miki sarauta." Na ce, "Uwar wa ta haife ta?" Ta ce, "Ba haifarta aka yi ba." Ta ɗora ni a babur ɗin haya muka je gidan Malama Rifkatu, wadda yanzu ita ma malamar makaranta ce kamar mahaifinta. Muka gaisa, muka tambayi gida da gajiya da mutanen kudu, na yi mata gaisuwar mahaifiyarta. Sannan ta ɗauko wani abu kamar faranti mai murfi ta buɗe, ciki ya kama haske.

Ta ɗauki hoton rigar matashin da na zo da ita da wayarta, kafin in gyara mayafi ga furen kabewata a cikin gilashin. A lokacin na daɗe ban iya zura zare a allura ba, sai an zura mini, gefen idona kuma kamar hayaƙin ɗanyen itace. Malama ta murza yatsa, furen ya taso ya yi girma, ya ƙara girma, har ɗinki ɗaya ya kai kaurin rake. La'ilaha illallahu! Na ga sawun allurata ɗaya bayan ɗaya, na ga murɗin zaren, na ga har inda hannuna ya ɗan yi rawa. Abin da na yi tun ina da ƙuruciya, ban taɓa ganinsa haka ba ko a lokacin da idona ke da kyau. Na kai hannu zan taɓa, na ji sanyin gilashi.

Malama ta ce, "Inna, ba ki ga komai ba." Ta danna wani wuri, sai ga ɗan ɗigo yana gudu a cikin gilashin yana barin zare a bayansa, yana ɗinki ba yadi ba allura. Ta ce in an shata wa ɗigon nan hanya, sai a zuba a wani ɗan ƙarfe kamar ɗan yatsa, a kai Kano, a soka wa babban inji, shi kuma ya ɗinka a yadi na gaske. Na ce, "Ba ya mantuwa?" Ta ce ba ya yi. Na ce, "Ko mai adon ta mutu?" Ta ce, "Ko jikokinta sun tsufa." Adon da ke kaina ba a rubuce yake ba. Waɗanda na koya wa sun ɗauki masu sauƙi sun bar masu wuya, wasunsu ma sun riga ni tafiya.

Kwamfutar Malama ta aikinta ce, kullum tana tafe da ita makaranta. Dole Zulai ta samu tata. A tsakanin nan aka kai ni wurin likitan ido, ya ce hawan jinin ido ne, ya ba ni maganin ɗigawa. Ya ce maganin zai rage masa sauri, amma abin da ya tafi ba zai dawo ba. Na ce wa Zulai, "Ina da sa a turken ubanki. Ki ce masa na ce a sayar a sayo miki abin nan."

Uban Zulai ɗan farina ne. Ba na faɗin sunansa, Mai-shanu nake ce masa, kuma a gidan da na yi aure kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Tun yana jariri kakarsa ta ɗauke shi. Ba ma zama tabarma ɗaya, ba na kallon fuskarsa, in ina da magana sai dai in aika. Shi ma in ya zo gaishe ni daga bakin ƙofa yake durƙusawa. Saboda haka labarin idona a bakin mutane ya ji shi, kuma mutane cewa suke, "Idon tsufa ne."

Bai ƙi ba, Allah ya sani. Har Kano ya aika aka tambayo. Sai mai shagon ya ce akwai sabuwa tana hanya, ta fi wannan sauri, ta fi ta haske, batirinta ya fi daɗewa, har an ce ita da kanta take kallon hoto ta fitar da ɗinki. Ina daga cikin ɗaki ina jin su shi da 'yarsa a tsakar gida.

Ya ce, "Ke Zulai, wa ke sayar da sa da damina, yana cikin cin ɗanyar ciyawa? A bar shi ya kai Layya ya cika. Kafin nan sabuwar ta iso, sai a saya gaba ɗaya, ta har abada."

Ta ce, "Baba, ba keken ɗinki ba ce da ake gadonta. In sabuwar ta zo, wata ce a bayanta."

Ya ce, "To sai a jira ta ƙarshen."

Ta ce, "Ba ta da ta ƙarshe."

Ya yi dariya ya ce, "Kowace uwa tana da auta. Ki bi gidaje ki ɗauki hoton aikin Inna ki ajiye a waya, ai hoto ba ya ruɓewa."

Ban ga laifinsa ba. Mutum ne da ya tashi cikin dabbobi, a wurinsu duk abin da ka yi haƙuri da shi ƙaruwa yake. Maraƙi ya zama sa, karsana ta zama saniya. Ni kaina maganar hoton ta shige ni, har na aika Zulai ta tambayo Malama. Malama da ƙafarta ta zo. Ta zauna kusa da ni ta ce, "Inna, gaskiya zan faɗa miki. Sabuwar za ta fi wannan, ba ƙarya. Ni ma da zan iya jira da na jira. Amma hoto fuskar ado yake nunawa. In aka bar wa na'ura ita kaɗai, za ta cike furen da zare ta hanyar da ta ga dama, ta yanke nan ta tsallaka can. Zai yi kama da naki daga nesa. In hanyarki ake so, sai kin zauna kin nuna da yatsa, kina gani."

Washegari da hantsi na ɗauki sandata na nufi turke. Matan gida suka bi ni da kallo, don ba a taɓa ganina a can ba in yana nan. Yana zuba wa shanu ciyawa. Da ya ji tafiyata ya durƙusa ya sunkuyar da kai, ya ce, "Inna, da kin aiko."

Na ce, "Tashi tsaye." Ya tashi. Na ce, "Ɗago kanka." Ya yi jim, sannan ya ɗago. Tsakanina da shi bai fi tsawon tabarma ba.

Na ce, "Tun da na haife ka ban tsaya na kalli fuskarka ba, saboda kunya. Yau na ajiye kunyar na zo na kalla. Ga hularka ina gani, ga farin rigarka. Fuskar ban same ta ba."

Ya mayar da kai ƙasa. Sai ƙarar shanu suna tauna.

Na ce, "San nan yana ƙaruwa, gaskiyarka. Ni raguwa nake. Ka auna ka ga wanda zai riga wani."

Ranar kasuwa ta gaba da kansa ya ja san. Dillalai suka yi ta yi masa tsiya, wai ko gobara aka yi a gidansa. Da kuɗin aka sayo wa Zulai kwamfutarta.

Ado na farko da muka zuba ƙahon sa ne, don shi ya fi wuya. Da safe muke yi, lokacin idona ya fi washewa. Zulai ta rufe taga don hasken gilashin ya fito, ta ƙara wa hoton girma, ni kuma in ɗora ɗan karan tsintsiya a kai in ce, "Nan ta shiga. Bi hagu. Tsaya, nutse ta ƙasa. Ɓullo can." Tana bina tana ɗiga alama. In ta kauce in ce, "Ke, wannan hanyar gidan wa ce?" Ta ce, "Tsohuwa, ta nan ya fi kusa." In ce, "Kusa kika zo nema ko kyau?" Abin da ya fi ba ni mamaki, in an yi kuskure ba warwara. Danna wuri ɗaya take yi, kuskuren ya ɓace kamar ba a yi ba, ba huda a yadi, ba zare ya yi laushi. Na ce Allah ya ji ƙan Gwaggo Asabe, da ta ga wannan da ta ce aljanu ne, kuma da ta zauna ta koya.

In wuta ta ɗauke, a kai ta wurin masu cajin waya a dawo. In idona ya gaji ya fara ruwa, mu tashi. Mata suka ji labari, suka riƙa fito da tsofaffin zannuwa daga ƙasan adaka suna aikowa, daga Kara, daga Jama'a, har daga cikin Kabo, wasu sun yi ja don daɗewa, wasu ɓera ya taɓa. Na ga aikin da na manta na yi. Malama Rifkatu ta karɓo aron mayafin cocinsu, muka zuba ɗinyar ma, tana dariya tana cewa kada a gyara ko ɗaya.

Sau ɗaya aka kai ni Kano in ga injin. Ɗaki guda ya cika, kawuna jere, kowane kai da allurarsa. Mai injin ya soka ɗan ƙarfen Zulai ya danna. Jama'a, ƙasa ta ɗauki rawa! Duk kawunan suka sunkuya tare kamar sahun salla, suna ɗinka ƙahon sa a lokaci guda. Ban iya ganin allurar don sauri, amma kunnena ya san tafiyar. Na ji inda ta juya, na ji inda ta nutse, daidai inda ni nake juyawa, daidai inda nake nutsewa. Aikin da ke cin wata a hannuna, kafin mu gama shan ruwan da aka kawo mana an cire shi. Mai injin ya ce, "Hajiya, wane ne ya shata muku wannan? Injina ko tsayawa yanke zare bai yi ba." Zulai ta ce, "Ga ta nan a gabanka tana shan ruwanka."

Ba duka muka samu ba, kada in yi muku ƙarya. Akwai adon sawun tattabara, akwai wani mai sarƙa da na yi wa matar wani mahauci, waɗannan an kawo su a makare. Zulai ta ƙara wa hoton girma har iyakarsa, na kafa ido, haske kawai nake gani ba zare. Na gwada faɗa mata da ka, amma hanyar allura ba a baki take ba. Na ce ta rufe. Suna nan a hoto, kyawawa, ba mai sanin ta inda aka shige su.

Bayan Layya da 'yan kwanaki Mai-shanu ya zo gaishe ni. Yanzu ba ya tsayawa a bakin ƙofa, shigowa yake ya zauna inda hannuna zai kai kafaɗarsa. Ya ce, "Inna, mai shagon nan ya yi waya. Sabuwar ta iso."

Na ce, "Yaya take?"

Ya ce, "An ce siririya ce kamar faifai. Haskenta kuwa, wai ko a tsakiyar rana ana gani."

Zulai ta ce, "Baba, ka faɗa mata sauran."

Ya yi gyaran murya ya ce, "Wai kuma akwai wata tana tafe bayanta."

Muka yi dariya har na share hawaye. Na ce Allah mai iko, ya ba ɗan Adam basira har ta fi ƙarfin jiransa. Ya ce ko in an kwana biyu a sauya wa Zulai da sabuwar. Na ce wannan tsakaninsu ne, su da ke da idon ganin haskenta. Ni a ranar ko ƙofar ɗakina sai da lalube nake samu. Abin da ke cikin idona na riga na juye wa tsohuwar kwamfutar.